Lafiyayyar Gwiwar Inna

Ko gajiyar jirgi mahaifiyata ba ta sauke ba na gabatar mata da buƙatata. Muna cikin mota, mun baro filin jirgin Madina, maigidana yana tuƙi, ni da ita muna baya, cikina ya shiga wata tara har zama sai a karkace. Na gama tambayarta mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da awaki, sannan na rage murya na ce, "Inna, don Allah in mun isa gida kada ki bari maƙwabta su san ke Kirista ce."

Ta gyara baƙar abayar da na aika mata tun kafin tafiya, wadda ta ɗora a kan zanenta na zumuntar matan coci, ta ci gaba da kallon duwatsu ta taga. Maigidana ya harare ni ta madubi, na yi kamar ban gani ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne a kudancin Katsina, Hausawa gaba da baya, kuma 'yan Katolika tun zamanin kakana. Mahaifina shi ne katikis na ƙauyen har ya rasu, wato mai koyar da addini da jan addu'a ranar da Fada, limamin cocin, bai samu zuwa ba. Ni na musulunta ina kwaleji, da hankalina da tunanina, ba don aure ba, auren daga baya ya zo. Inna ta yi kukanta na mako guda, ta share hawaye, ranar bikina kuma ita ta tsaya a kan tukwane. Ba ta taɓa jin kunyata a gaban matan cocinsu ba. In an tambaye ta ina nake sai ta ce, "Tana Madina, mijinta yana karatu," ta ci gaba da abin da take yi.

Ni ce dai abin ya dama. Benen da muke haya yana wajen iyakar harami, ta hanyar filin jirgi, takardun Inna kuma ƙalau suke, babu dokar da ta taka. Maigidana ya bincika duk wannan kafin ya nema mata bizar ziyarar iyali. Matsalar matan da nake zama da su ce. Matan ɗaliban ilimi ne da na malamai, kowace in ta buɗe baki sai ta jero kakanni limamai da alarammomi, har ki rasa wa ke yin noma a garinsu. Ranar da aka zo kaina na ce mahaifina mai karantarwa ne, aka ce ma sha Allah, na bar zancen a nan. Shekara huɗu ina zaune a kan wannan ma sha Allah ɗin, ga shi yanzu mai tona mini asiri ta iso da jakarta, ta zo yi mini wankan jego.

Sai da muka kusa gida ta yi magana.

"Ƙarya za ki sa ni?"

"A'a, Inna. Shiru kawai."

"Shiru ina iyawa," ta ce. "Akwai waliyyin da ya zauna ƙarƙashin matakala a gidan ubansa shekara da shekaru, barorin gidan suna watsa masa ruwan wanke-wanke, bai taɓa cewa shi ɗan gida ne ba. Amma ki buɗe kunne. Ranar da aka dube ni aka tambaye ni, zan faɗa. Ban taɓa musun addinina ba, ba kuma zan fara da furfura ba."

Na ce to da sauri, ina ganin na yi wayo. Wa zai dubi tsohuwa Bahaushiya cikin abaya a Madina ya tambaye ta wane addini take yi?

Haka Inna take, ba ta rasa waliyyi. Akwai wani tsohon littafi na mahaifina mai tarihin waliyyan coci, bangonsa ya cire, gara ta ci gefensa. Ita karatunta bai yi nisa ba, amma ya karanta mata shi har ta haddace. Muna yara, in ka yi ƙorafin miya ba nama, ga waliyyin da ya rayu a daji a kan busasshen burodi. In an tsokane ka ka rama, ga sistar cocin da 'yar'uwarta ke fantsama mata ruwan dauɗa a fuska kullum wajen wanki, ita kuma ko sharewa ba ta yi, don kada waccan ta ji kunya. In kuwa ka yi ƙarya, ka shiga uku, don ga yarinyar da sarki ya ce ta ɗebi turare da yatsa biyu kacal ta zuba a gaban gunki ta tafi gida abinta, ta ƙi, aka sare mata kai. Tun ina firamare nake jin haushin yarinyar nan. Saboda ita ba a taɓa satar ƙuli-ƙuli a musanta cikin kwanciyar hankali a gidanmu ba.

Kuma duk labarin ƙarshensa ɗaya ne, a miƙa wa Allah. Ciwon haƙori, a miƙa. Rowar maƙwabci, a miƙa. A wurin Inna wahala ba ta faɗuwa ƙasa a banza, ɗaukarta ake yi a ba Allah a madadin wani, mara lafiya ko mamaci ko ɗan da ya bi wata hanya. Ban taɓa tambayarta nawa ta miƙa a kaina ba, don na san amsar ba za ta yi mini daɗi ba.

Kwana biyar da zuwanta na haihu, mace. Sai abin ya haɗu, jegona ya faɗo cikin azumin kwana arba'in da 'yan coci ke yi kafin Ista. Mu kuma a lokacin Rajab muke ciki. Inna ta dubi hitar banɗakinmu ta taɓe baki, ta ce ruwan da bai ga wuta ba ba ya gasa mai jego. Ta nemo tukunyar da ta fi kowace girma a gidan ta ɗora a kan gas, safe da yamma. Abin da ya rage ganye ne, shi ne ya kawo mana Hajja.

Hajja wata tsohuwa ce a hawan ƙasa, ba wanda ke kiranta da wani suna bayan wannan. Bahaushiyar Sudan ce. Iyayenta sun taso aikin hajji a ƙafa, aka haife ta a hanya, ta girma a Sudan ɗin, aure ya kawo ta Madina, ta zauna tana haɗa turaren wuta tana sayar wa mata a cikin gida. Hausarta rabi Larabci ce, jikokinta kuwa in kin yi musu Hausa da Larabci suke amsa miki. Ita ta hawo bene tana nishi, da ganyen darbejiya cike da leda da ƙullin kanwa da ta samo a unguwar Anbariyya. Ta tarar da Inna tsugune a gaban tukunya, suka gaisa, shi ke nan ta samu ƙawa.

Abin da ban sa a lissafina ba shi ne Inna za ta yi farin jini. Ta gasa mini nama da yaji, ta dama kunun kanwa, ta tsaya a kaina sai na shanye, ita kuwa ba ta sa komai a baki sai rana ta faɗi. Hajja ta lura. "Ya binti, ummanki azumi take? Kullum? Ma sha Allah, tun daga Rajab!" Carbinta kuma ba ya barin hannunta. Na roƙe ta ta riƙa dunƙule ɗan gicciyen da ke jikinsa a tafin hannu, ta yi hakan, sai ƙwayoyin kawai ake gani suna tafiya, leɓenta yana motsi. In an kira salla da baƙi a gidan sai in ce Inna a ɗaki take yi, ita kuma ta tashi ba musu ta shige, ta durƙusa ta yi tata addu'ar. Ta baki kuwa ba za ki gane ta ba, don matar da ba ta iya miƙo miki cokali ba tare da ta ambaci Allah ba ce.

Da yamma sukan zauna su biyu suna tsinkar ganye, Inna tana ba da labarai. Ba ta cewa waliyyin coci, sai dai ta ce, "Wani bawan Allah a zamanin da." Ranar da ta kawo labarin mutumin ƙarƙashin matakala Hajja ta yi kuka har da majina, ta rantse ta taɓa jin sa a bakin wani shehi a Sudan tana yarinya. Inna ta ce, "Ai bayin Allah yawa gare su." Ni ina kan gado da kwanon kunu a hannu, ina jiran ranar da za a zo kan sista.

Kafin mako uku labari ya zaga benen. Matan malamai, waɗanda in kin ce za ki nemi albarka a wurin wani sai sun karanto miki babi guda a kan haɗarin hakan, suka fara zuwa barka karo na biyu da na uku. A bakin ƙofa kowace sai ta rage murya ta ce, "Inna, a sa mu a addu'a." Wannan haihuwa take nema, waccan rubutun digirin mijinta ne ya maƙale. Inna ta karɓa da gaske, ta raba musu ƙwayoyin carbinta goma-goma, ba ta taɓa mance ko mace ɗaya ba. Ni kuwa kaina ya kumbura. Ana ce mini, "Ashe gado kika yi," ina sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Tunda na zo benen nan ban taɓa samun daraja kamar ta kwanakin da nake cin albarkacin addinin da nake ɓoyewa ba.

Maigidana ya yi mini magana sau ɗaya, bai kuma maimaita ba. "Ni ban ga abin ɓoyewa ba," ya ce. "Surukata ce. Na durƙusa na gaishe ta a ƙauye a gaban kowa, a nan ma haka nake yi. Wannan ginin da kike yi a kanki zai rushe." Na ce masa shi namiji ne, bai san zaman mata ba. Ya kwashi littattafansa ya tafi jami'a.

Tunda na ɗauko faɗin gaskiya, bari in faɗi wadda ta fi muni. Tun ina yarinya nake jin cewa kaka takan yi wa jika baftisma a ɓoye, ruwa kaɗan a ka sau uku an gama. Don haka duk safiya in Inna ta ɗora jaririyar a ƙafafunta za ta yi mata wanka, sai in taso da ciwon jikina in jingina da ƙofa, wai ina koyo. Ƙirga nake yi sau nawa take zuba ruwa a kan yarinyar. Rannan, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Je ki zauna. Ba na sata." Na koma na zauna, amma washegari na sake tsayawa.

Sai maganar ziyara ta taso. Duk wanda ya zo Madina burinsa ya shiga Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sallama. Inna ba za ta shiga can ba, ba huruminta ba ne, ita ma ta sani, ba ta kuma taɓa nema ba. Hajja ce ta fara tambaya yaushe za a kai ta. Na ce sai na yi arba'in.

"Ke ke jego, ba ita ba," in ji Hajja. "Ni in kai ta bukra, gobe-goben nan."

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. "Ciwon gwiwa gare ta, Hajja. Ba ta iya doguwar tafiya."

Gwiwar Inna fa! Matar da ke ratsa ƙauye biyu a ƙafa zuwa coci, ta durƙusa a kan siminti awa guda, har gwiwoyin sun yi kanta. Tun daga ranar, da na ji takun Hajja a matakala sai in yi wa Inna alama ta zauna ta miƙe ƙafa. Hajja ta zo da man zaitun da habbatus sauda, ta zauna a ƙasa da tsufanta, ta ɗora ƙafar Inna a cinyarta tana murzawa tana tambaya, "Fen, ina yake ciwo, ya ukhti? Hina, nan?" Inna ba ta taɓa cewa nan ne ba. Sai dai ta ce, "Allah ya saka miki da alheri, Hajja," sannan ta ɗago ta dube ni ta saman kan matar. Kusan wata guda aka yi ana murza lafiyayyar gwiwa.

Na yi arba'in lafiya. Juma'ar da ta biyo baya ita ce babbar Juma'ar su Inna, wadda suke tuna gicciye, ranar da ko ruwa ba ta sha, magana ma sai ta kama dole. Saura kwana biyar ta koma gida, har na fara ganin na tsallake. Da hantsi sai ga Hajja cikin sabuwar abaya tana haki, ta ja ni bakin taga ta nuna mini ƙasa. Keken guragu ne a jingine da wata mota.

"Ga arabiyya nan na aro," ta ce. "Surukina yana jira da sayyara. Ni da kaina zan tura ta har cikin masallaci. Khalas, ba sauran uzuri. Yalla!"

Na shiga kame-kame, wai rana, wai cunkoson Juma'a, wai jaririya. Hajja ta ture ni gefe da hannu, ta juya wurin Inna tana dariya.

"Ya ukhti, rabu da wannan. Ke Musulma ce, ko ba haka ba ne? Za ki zo Madina ki koma ba ki yi wa Annabi sallama ba?"

Wasa take yi, irin tambayar da ba a jiran amsarta. Amma dai an dubi Inna, an kuma tambaye ta. Na ga ta gyara zama, ta ja numfashi, hannun nan da ke dunƙule ya fara buɗewa. Sai ta dube ni. Ban san me ta gani a fuskata ba. Ni dai na san a zuciyata roƙonta nake yi. Ta mayar da hannun ta dunƙule.

"Haka ne, Hajja," ta ce. "Sai dai yau jiri nake ji, ko tsayuwa ba zan iya ba. A yi mini haƙuri."

Hajja ta yi jaje, ta ce azumin ne ya yi yawa, ta yi mata faɗa a kan ta ji tausayin jikinta, ta sauka ta mayar da kekenta. Ni kuwa, don a san irin 'yar da nake, abin da na fara ji shi ne sanyi a raina. Har na buɗe baki na ce, "Na gode, Inna."

Ta tashi ta buɗe jakarta, ta sa carbin can ƙasa ƙarƙashin zannuwa, ta zuge. Rana ta faɗi ba ta ci komai ba. Washegari ta yi wa jaririya wanka, ta share gida, komai yadda ta saba, amma hannunta wayam, bakinta a rufe. Tunda nake ban taɓa ganin hannun Inna haka ba, sai na ji tsoro.

"Inna, ba za ki yi addu'a ba?"

"Da wane bakin?"

"Ai ba wani abu kika faɗa ba. Kalma biyu ce."

"Turaren yarinyar nan ma yatsa biyu ne," ta ce.

Can ta ce, "A ina ake samun Fada a ƙasar nan?"

"Babu, Inna."

Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin na tuna abin da na daɗe da mancewa. Ni in na yi laifi darduma nake shimfiɗawa in tuba, tsakanina da Ubangijina. Ita a addininta babban zunubi sai ta durƙusa ta faɗa a gaban Fada kafin ta ji an sauke mata, ga shi na kawo ta inda babu ko ɗaya.

"Gobe Ista," ta ce. "Ban taɓa shiga Ista da irin wannan a wuyana ba. Ga jirgi a gabana. In ya faɗi da ni fa?"

Ba da kuka ta faɗa ba, tambaya take yi da gaske. Ni da na bar coci shekara goma sai ga ni ina laluben karatun mahaifina a ka, ina neman waliyyin da zan ba Inna. Na ce, "Ai akwai wanda ya yi musun ubangidansa har sau uku kafin zakara ya yi cara, aka yafe masa, ya zama babba."

"Shi tsoron sojoji ya ji," ta ce. "Ni tsoron me na ji? Fuskar 'yata."

A nan kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ɗauko matar da ba ta taɓa jin kunyata ba, na sa ta musun abin da ta rayu a kai, don kawai matan bene su ci gaba da ce mini ma sha Allah. Na zura hijabi na sauka ƙasa.

Na tarar da Hajja tana ƙulla turare a 'yan ledoji. Ban zauna ba, a tsaye na faɗa mata komai. Ta ajiye cokalin hannunta ta daɗe tana kallona.

"Nasraniyya?"

"E, Hajja."

"Daga asali?"

"Daga asali. Babana ma shi ke jan addu'a a coci."

"La haula wala ƙuwwata. Duk addu'ar da na ce ta yi mini fa?"

"Ta yi."

Sai idonta ya ƙanƙance. "Gwiwar fa?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Wata guda!" ta daka mini tsawa. "Wata guda ina zaune a ƙasa ina murzawa, ni da daktor ya ce a yi wa tawa aiki!" Ta yi ta faɗa, rabi Hausa rabi Larabci, na tsaya na sha. Da ta huce kaɗan ta ce, "Addininta ba nawa ba ne, shiriya nake mata fata, zan kuma faɗa mata a gabanta. Lakin ke, aibu, ya binti, aibu. Matar malami! Uwa ta tsallako duniya ta dafa miki ruwa, ki tura ta ɗaki kamar kayan sata?"

Na gaya mata Inna ba ta ci abinci ba tun shekaranjiya da yamma, na gaya mata dalili, da maganar carbin da maganar jirgin. Ta saurara tana murza goshi.

"Ya'ani tambayata ce ta ja?"

"Ni na ja, Hajja."

"Na sani. Kama ni in tashi."

Muka hau bene, tana dafa kafaɗata tana tsayawa a kowane taki. Na san kafin la'asar duk benen zai ji, ya kuwa ji. Wasu matan daga ranar ba su sake taka ƙofata ba, wasu sun zo don su ga yadda zan haɗa ido da su. Amma a kan matakalar nan, karo na farko cikin shekara huɗu, ba su ne a raina ba.

Hajja ta zauna a gaban Inna, ba ta ja gaisuwa ba.

"Ya ukhti, jiya na yi miki tambaya ina dariya. Yau ba dariya. Wane addini kike yi?"

Wannan karon Inna ba ta dube ni ba. Ta miƙe tsaye tsaf, ta haɗa hannuwa a gaba yadda yara ke yi in za su amsa tambayar katikis.

"Ni Kirista ce, 'yar Katolika. A ciki aka haife ni, a ciki nake fatan mutuwa. Jiya na yi miki ƙarya. Ki yafe mini."

"Na yafe," in ji Hajja. "Allah ya shirye ki. Ba zan fasa roƙa miki ba."

"Ni ma ban fasa ba, Hajja."

Hajja ta yi tsaki, ta ce taurin kai dai na Hausawa ne ko'ina suke, ta umarce ni in kawo wa matar nan abinci kafin jirin gaske ya ɗebe ta. Maganar Fada tana nan sai an koma gida, na sani, amma na ga kafaɗun Inna sun sauka. Na juya zan shiga kicin, ina ɗauka an gama.

"Tsaya," in ji Inna. "Ni ma ina da tawa tambayar, tunda ga shaida. Ke 'yar wace ce?"

Na ce ƙasa-ƙasa, "Taki ce, Inna."

"Hajja tsohuwa ce, ba ta ji ba."

Na sake faɗa da ƙarfi, hawaye na zuba, har jaririya ta farka. Ƙofar gidan a buɗe muka bar ta, ina jin takun wata a matakala, ban kuma je na rufe ba.